Mutum Ɗaya Bai Gamsu Ba

Sallama gare ku, masu karatu. Baiwar Allahn da ta rubuto min cewa girman kaina ya fi ginin gidanmu tsawo, na ga saƙonki, kuma yau ranarki ce. Gyara zama.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: ni injiniya ce a ofishin tsara hanyoyi na birninmu. Watana tara da ɗauka, ba a tabbatar da ni ba tukuna. Ni kaɗai ce mace a sashenmu cikin maza goma sha ɗaya, kuma har yau in baƙo ya shigo, ni yake fara tambaya ko injiniyan yana nan.

Titin da aka ba ni in gwada gyarawa shi ne wanda ya ratsa ta ƙofar gidanmu. Ba dace ba ne, nacina ne. A kansa mota ta ɗebi Baba shekara biyu da suka wuce, ya fita sayen batirin rediyo, kuma tun daga ranar da sanda yake tafiya. Saboda haka da Darakta ya ce akwai gwaji na wata uku, in ya yi kyau a tabbatar da shi, in bai yi ba a kwashe komai, sai da na tsaya masa a maƙogwaro har ya ba ni.

Na mayar da titin hannu ɗaya. Na sa aka jera manyan tukwanen siminti masu shuka a gefe, aka shafa fenti rawaya don masu tafiya a ƙasa, aka yi tudun rage gudu guda biyu. Na sha zagi kuwa. Direbobin haya sun raɗa wa tukwanen suna “kayan ɗakin Injiniya”. Mai gyaran taya ya daina amsa gaisuwata sati uku. Ni ko a jikina. Kullum da safe in ɗora rigar aiki mai ƙyalli a kan doguwar rigata, in kafa hular kwano a kan ɗankwali, in tsaya a tsakiyar rana ina taunar cingam kamar ni na haifi kwaltar.

Da wata ukun ya cika sai alƙaluma suka fito, kuma 'yan'uwa, sun yi kyau kamar amarya. Muna da wata igiyar roba da ake shimfiɗawa a kan titi, tana ƙirga duk tayar da ta taka ta. Motoci dubu huɗu da ɗari biyu a rana sun koma dubu biyu da ɗari biyar. Gudu ya ragu da kusan rabi. Ko kaza ba a buge ba. Saura jin ra'ayin mutanen unguwa, shi ma na raba takardu sittin da huɗu, kowacce da akwati biyu: Na gamsu, Ban gamsu ba, sai ɗan fili na ƙarin bayani a ƙasa.

Sittin da uku sun gamsu.

Mutum ɗaya bai gamsu ba, kuma bai ma ɓoye sunansa ba. Sannu-Sannu ne.

Shi wannan mutumin makarantar koyon tuƙi gare shi a ƙarshen titin, shago ɗaya da motoci biyu. Sunan ya samo shi ne saboda ba a taɓa ganin motarsa ta wuce mai keke ba. Shekara guda ke nan yana nemana. Iyayena sun ce sai abin da na ce, amma Umma tana faɗar “sai abin da kika ce” ɗin nan sau huɗu a rana, kamar shan magani.

Ranar Litinin na dawo daga aiki na tarar da ita a falo tana guga, ta ɗora kayan a kan kujerar nan mai zaman mutum uku wadda har yau ba a cire mata leda ba. Fanka na juyawa, Baba na kishingiɗe da rediyo a kan ƙirji.

“Ya aiko da gaisuwa,” ta ce, ba ta ko ɗago ba.

“Wa?”

“Gwamnan garinku. Wa kike da shi?”

“Umma, mutumin da ya rubuta a takardar gwamnati cewa aikina bai yi ba?”

Sai ta ajiye dutsen gugar. “Shi ya rubuta haka? Kai, yaron nan. Na ce masa…” Sai ta ɗauki wata riga ta shiga karkaɗewa kamar da ita suke faɗa.

Da ina da rabin wayon da nake taƙama da shi, da a nan na tsaya na ce, kika ce masa me? Amma fushi ya toshe min kunne. Na shige ɗaki, na cillar da takalmi, na jawo waya.

Na rubuta: “Na ga takardarka. Na gode.”

Ya amsa nan take, shi da hannunsa ya fi motarsa sauri: “Barka da dawowa, ranki ya daɗe. Kin juya bayanta?”

“Ban da lokacin karanta ƙorafin wanda aka hana shi ajiye mota a kan hanyar mutane.”

“Gaskiya ne. Ni ma na ji zafin wannan, amma ba shi na rubuta ba. Yaushe za ki miƙa rahoton?”

“Alhamis.”

“To ara min rabin awa gobe, ƙarfe ɗaya da rabi. In na ɓata miki lokaci, ki cire ni daga layi gaba ɗaya.”

Na rubuta “Wane layi?” na goge. Na rubuta “To” na tura. Sannan na jawo takardar daga jaka na juya bayanta. Ya ja layuka da rula, mutumin Allah, ranaku a gefe, awanni a sama, lambobi cike da ƙaramin rubutu mai tsabta. A can sama ya rubuta: Layin baya. Na yi tsaki. Layin baya ai lungu ne rufaffe, taswirar ofis ta nuna ƙarshensa katangar wani tsohon sito ce. Mota ba ta bi ta katanga.

Washegari na ci ado, ban san dalili ba, kada ku tambaye ni. Doguwar riga ruwan toka, mayafi mai ɗan duhu, takalmi mai tsini wanda nake ajiyewa don ranar taro, da tabaran rana don kada ya ga idona. Ya zo a motar koyo, mai birki biyu da jan allo a gaba da baya. Farar riga ce a jikinsa, ya naɗe hannun zuwa gwiwa, motar tana ƙamshin lemun tsami.

“Ɗaura bel, Injiniya.”

“Da wannan gudun naka? Ko na faɗo zan riga ka isa.”

Ya yi murmushi kawai ya ta da mota. Abin da ya fi ba ni haushi da shi ke nan, in ka jefa masa magana sai ya cafe ya sa a aljihu.

Muka karya kwana ta bayan kantin magani muka shiga layin baya. Rabona da wurin tun kafin in tafi jami'a. A da wuri ne da za ka ji ƙarar keken ɗinki daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Yanzu kuwa motoci ne hanci da wutsiya, babura na kutsawa ta gefen kwata, wata babbar motar kaya ta tokare tana huci. Layin ko mota biyu ba ya ɗauka sai da addu'a, kuma babu inda mai ƙafa zai taka sai bakin ƙofofin mutane.

“Ina suke zuwa?” na ce. “Ai can katanga ce.”

“An rushe siton shekara uku ke nan. Yanzu fili ne, yana ɓullewa babban titi. Da ba wanda ya damu da shi, sai da kika hana su dawowa ta titinku.”

Ya samu gefe ya tsaya, ya kashe mota. Ƙarfe biyu saura kwata aka buga ƙararrawa. A nan na tuna cewa ƙofar makarantar firamare ta biyu a wannan layin take. Yara suka ɓarko da jakunkunansu, sai ga wata dattijuwa da farar lema ta fito tsakiyar hanya, ta ɗaga lemar sama ta tsayar da motocin da ƙarfin hali kawai. Yaran suka tsallaka a bayanta rukuni-rukuni. Wani direba ya danna ham, ta juya ta kalle shi, sai ham ɗin ya mutu a hannunsa.

Motocina dubu ɗaya da ɗari bakwai da na rubuta a rahoto cewa “sun ragu”, ga su nan ƙalau cikin ƙoshin lafiya. Ba su ragu ba, ƙaura na yi musu zuwa ƙofar makaranta.

“Me ya sa ba ka gaya min tun tuni ba?”

“Na gaya miki sau biyu. Na farko kika ce min akwai bambanci tsakanin tuƙa mota da ilimin hanya. Na biyu kika turo min hoton taswira.”

Na tuna. Har da ɗan jan da'ira na zana masa a kan katangar, don ya fi ganewa. Shekara biyar ina karatu, na fito da sakamakon da Umma ta sa a gilashi ta rataye a falo, amma tafiyar minti shida daga gadona ta gagare ni.

“An buge wani?” Muryata ta fito ƙarama.

“Ba a kai ga haka ba. Sati biyu da suka wuce babur ya goge wata yarinya a kafaɗa. Tun ranar waccan tsohuwar take fitowa.”

Na ce ya mayar da ni gida. Ya ta da mota, kuma karo na farko a rayuwata na gode wa Allah da jinkirin motarsa, don sai da na gama tattara hankalina kafin mu iso.

Ina shiga na zube takardu sittin da ukun a kan gado. In mutanen titinmu da ke mu'amala da layin baya kullum sun san wannan, yaya aka yi kowa ya gamsu? Har mai gyaran taya? Sai yanzu na duba su da idon aiki maimakon idon mai neman yabo. Rabinsu da koren biro aka cika. A filin ƙarin bayani, takarda goma sha ɗaya sun ce “Allah ya yi wa Injiniya albarka.” Wata ta ce “A gaida Baba da jiki.” Koren biro ɗaya na sani a duniya, yana ɗaure da zare a jikin kalandar kicin ɗinmu.

To ga laifina, tunda na yi alkawarin ba zan ɓoye muku komai ba. Ƙa'idar aiki ita ce ma'aikaci ya bi gida-gida da kansa. Ni kuwa na ga ba zan iya tsayawa a ƙofar matan da suka goya ni, suna kirana da sunan yarinta, ina sanye da hular kwano ba. Sai na ba Umma takardun na ce ta miƙa musu kawai.

Na same ta a kicin tana yanka albasa.

“Umma, yaya kika raba takardun nan?”

“Yadda kika ce. Na miƙa.”

“Kika tafi, suka cika, kika koma kika karɓa?”

“In tafi ina? Mutum da ciwon gwiwa ya yi sawu biyu? Na dai zauna aka cika.”

“Kina kallo.”

“To idona zan cire in ajiye a waje? Ban tilasta wa kowa ba. Na ce musu aikin 'yarku ne, ba a tabbatar da ita ba tukuna, ga biro.”

“Mai gyaran taya fa?”

“Shi ya ɗan yi gardama. Na tambaye shi lafiyar matarsa, wadda na kwana da ita a asibiti bara. Sai ya gamsu.”

Na dafa bango. Dariya ke son zuwa, kuka na riƙe mata ƙafa.

“Umma, kin san abin da kika yi kuwa? Wannan ba ra'ayin jama'a ba ne, kunyarki ce aka ƙirga.”

Ta juyo da wuƙar a hannu, idonta jajur, ban sani ba ko albasa ce. “Wata uku ina ganinki kina tsaye a rana ana zaginki, kin rame kamar tsinken tsire haƙori. Ubanki yanzu shi kaɗai yake tsallakawa, ba mai riƙe shi. In bari su kwashe tukwanen saboda bakin mutane? In laifi ne na yi, kuma gobe ma zan yi.”

Na fito falo na zauna a ƙasa kusa da kujerar Baba. Ya rage rediyo, ashe duk yana ji. Na ƙarasa masa da labarin layin baya da ƙofar makaranta.

“Uwata,” ya ce, haka yake kirana, “in kika miƙa rahoton a haka, me zai faru?”

“Za a tabbatar da titin. Ni ma a tabbatar da ni.”

“In kika faɗi gaskiya fa?”

“Wataƙila su kwashe komai, titin ya koma yadda yake ranar da…” Na kalli sandarsa.

Ya jima yana murza kan sandar da tafin hannu. “Ni dai na riga na karye,” ya ce. “Su waɗancan yaran ƙashinsu ko ƙwari bai yi ba.” Ya mayar da rediyonsa sama.

Laraba na wuni ina neman hanya ta uku. Na gwada rubuta “akwai alamun ƙaruwar zirga-zirga a wasu layukan kusa” a shafi na goma sha tara, inda ba mai kaiwa. Na karanta, na ji kunyar kaina, na goge. Na sake rubutawa da wasu kalmomin, na sake gogewa. Kada ku ɗauka jarumta ce ta same ni. Farar lemar nan ce ta ƙi fita daga idona.

Alhamis da safe na shiga ofishin Darakta. Mutum ne mai son alƙaluma masu kyau da shayi mai zafi, kuma ya riga ya gaya wa na sama da shi cewa gwajin ya yi nasara.

“Ina rahoton?”

“Yallaɓai, babu rahoto. Akwai kuskure biyu, duka nawa ne.”

Na zayyana masa. Igiyar ƙirga da na shimfiɗa a titi ɗaya kawai, taswirar da ta tsufa, ƙofar makaranta. Da na zo kan takardun sai ya cire tabarau.

“Mahaifiyarki ce ta raba?”

“E, Yallaɓai.”

“Ta samu sittin da uku cikin sittin da huɗu?”

“E.”

“Da ita muka ɗauka aiki.” Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Ya juya takardar Sannu-Sannu yana bin layukan da yatsa. “Wannan wane ne? Ma'aikacinmu ne?”

“Mai koyar da tuƙi ne.”

“Ya fi wasu a nan iya jan layi.” Ya ture kofin shayi gefe. “Ki saurara. Maganar tabbatar da ke na ɗage ta wata shida, kuma zan rubuta dalili a fayil ɗinki. Tukwanenki kuma zan bar su sati biyu, ba ƙari. Ki ƙirga layin baya da hannunki, safe da rana, don igiyar tana wani aikin. Ki sake raba takardu, titi biyun duka, da ƙafarki. Ki kawo min gyaran da zai hana su bi ta ƙofar makarantar ba tare da sun dawo da gudu titinku ba. In babu, in aiko mota ta kwashe.”

“Na gode, Yallaɓai.”

“Kada ki gode. Mutanen layin suna da kwamiti, sun kawo ƙara sau biyu tana kan teburin wani. Ki fara da shugabarsu, sai ta yarda za su buɗe miki ƙofa.”

Na fito ina lissafin wata shida. A matakala na tura saƙo: “Na janye rahoton. Wace ce shugabar kwamitin layin baya?”

Ya ɗan jima wannan karon. “Mai farar lema. Tsohuwar shugabar makarantar ce, ta yi ritaya.”

“Tana da sauƙin kai?”

“Ban taɓa gani ba, kuma shekara talatin da biyu ina tare da ita. Mahaifiyata ce.”

Na zauna a kan matakalar nan da rigata mai tsada. Wani masinja ya wuce ya ce sannu.

Juma'a ƙarfe bakwai na safe ina bakin layin baya da allo da fensir, da takalmi shimfiɗaɗɗe, ba tabarau. Na yi mota ɗari da goma sha huɗu sai na ji inuwa a kaina. Farar lema ce. Na durƙusa har ƙasa, allon ya kusa faɗa wa kwata.

“Ina kwana, Mama.”

“Lafiya lau. Ke ce mai tukwane?”

“Ni ce.”

Ta dube ni daga ɗankwali zuwa takalmi, irin kallon da ya tarbiyyantar da rabin unguwar. Sannan ta leƙa allon.

“Kin tsallake biyu sanda kike gaisuwa. Farar mota ɗaya da babur.”

Na ƙara su. Ta juya ta yi magana ta cikin ƙofar gidan da ke bayanmu, aka miƙo mata kujerar roba, ta dangwarar a gabana. Ɗaya ce kujerar. Na ce ta zauna, ta ce ita shekara talatin da biyar a tsaye ta yi aiki.

“Zauna ki ƙirga da kyau, 'yata. A nan layin ba mai cika miki takarda don kunya. In kin kai sati biyun ba ki gudu ba, takardar farko ni zan cika, da birona.” Ta gyara riƙon lemar yadda inuwar za ta rufe mu duka biyu, idonta na kan hanya. “Ita kuma ɗaya maganar, wadda ɗana ya shekara yana jira, ba yau ba. Ni ma ina da nawa gwajin. Ga wata nan tafe, rubuta.”

Na rubuta. Ɗari da goma sha bakwai.